Shiri Ne, Mun Ji, Sai Kuma Me?

Ku da kuke ta sanar da mu cewa resilin ƙarya ce, Allah ya saka da alheri, amma kun makara da fiye da shekara talatin. Masu abin sun riga ku faɗa. A 1989 kamfanin da yanzu ake kira WWE ya shaida wa majalisar dattawan jihar New Jersey ta Amurka cewa a daina lissafa sana'arsa cikin wasannin gasa, nishaɗi ne kawai. Ba tsoron Allah ne ya sa su faɗin gaskiya ba, dokokin hukumar wasanni da kuɗin da take karɓa ne suka ishe su. Tun ranar magana ta fita daga sirri. Amma har gobe, in ka zauna a teburin mai shayi a Kawo ko Unguwar Shanu ka ambaci Roman Reigns, sai wani dattijo ya ajiye kofi, ya gyara zaman hula, ya dube ka da tausayi ya ce, "Yaro, ai shiri ne." Baba, mun ji. Sai kuma me?

Abin dariyar shi ne, yawancin masu tausayin nan su suka fara. Ku ne fa kuke cika tagar maƙwabci mai talabijin baƙi-da-fari a Abakpa da Unguwar Rimi, kuna ihu saboda Mighty Igor da Mil Mascaras mai rufe fuska. Ku kuka san Power Mike, wato Michael Okpala, wanda ya yi zaman Kano yana harkar tayoyi kafin ya zama zakaran Afirka, ya ajiye kokawa a 1976 ya koma shirya wasanni. A wancan zamani in wani ya ce muku shiri ne, sai an raba ku da shi. Yanzu da furfura ta fito, 'ya'yanku suka gaji abin, shi ne ya koma shirme.

To a tsaya a tantance abin da aka shirya. Wanda zai ci, an san shi. Mintocin da za a ɗauka, an san su. Alƙalin wasa ma da na'ura a kunnensa, ana gaya masa daga ciki cewa lokaci ya yi. Abin da ba a iya shiryawa shi ne ƙasa ta yi wa ƙashin mutum sauƙi. A 1998 a Pittsburgh, Undertaker ya wurgo Mick Foley daga saman keji ya faɗo kan teburin masu sharhi, aka ɗauke shi a gadon marasa lafiya, ya sauko ya sake hawa, rufin kejin ya ɓalle da shi, aka ga haƙorinsa maƙale a hancinsa. A watan Mayun 1999 a Kansas City, igiyar da za ta sauko da Owen Hart daga rufin zaure ta sake shi, ya mutu, kuma aka ci gaba da wasa a wannan daren. In har yanzu kana ganin duka ƙarya ce, Malam, hau kan katangar gidanka ka diro da baya, mu za mu tsaya a ƙasa muna tabbatar maka cewa shiri ne.

Amma ba nan gizo ke saƙar ba. Mu da muka daɗe muna bin abin, ba wanda aka kayar a fage ne ke hana mu barci ba. Wa ya ce a kayar da shi? Me ya yi wa mai gida? Kwantiraginsa ya ƙare ne, ko ya faɗi wata magana a ɗakin sauya kaya ta kai kunnen da bai kamata ba? Wani Ba'amurke mai suna Dave Meltzer yana cin abinci da waɗannan tambayoyin tun 1982, yana buga jaridar da ba ta da aiki sai labarin bayan fage. Kuma in akwai garin da bai kamata a yi wa wannan sha'awa dariya ba a duk faɗin Najeriya, to Kaduna ne. Tun tana hedikwatar Jihar Arewa, wane yaro ne bai san cewa a Lugard Hall ake ɗaga hannu, amma tun daren jiya aka gama magana a falon wani ba? Garin da 'yan jarida suka yi shekaru suna rubutu a kan wasu manya da suka laƙaba wa suna Kaduna Mafia, mutanen da ba a ganinsu a fage amma ake cewa su ke zaɓen wanda zai shiga. A garin nan ne mutum zai kwana a bakin wurin zaɓen fid da gwani, yana jiran sakamakon da shi kansa ya faɗa wa matarsa tun mako biyu da suka wuce, sannan da safe ya zo yana tausaya mini don ina kallon abin da aka san ƙarshensa. Haba, Yallaɓai.

Bari in ba ku labari ɗaya, ku faɗa mini ko baƙo ne a kunnenku. Ranar 9 ga Nuwamban 1997, a birnin Montreal na Kanada. Bret Hart ne ke riƙe da kambu, kuma ya riga ya sa hannu zai sauya sheƙa zuwa kamfanin adawa, WCW. Mai gida Vince McMahon yana so ya miƙa kambun ga Shawn Michaels kafin ya tafi. Bret ya ce ba zai faɗi a hannun Shawn ba a ƙasarsa, gaban mutanensa, domin su biyun ba sa ga maciji, kuma wannan gabar ta gaske ce. Aka zauna aka yi maslaha: wasa zai ƙare a hargitse, kambu ya zauna a hannun Bret a wannan daren. Kowa ya tashi da murmushi. Ana cikin wasa Shawn ya kama Bret da irin kamun da Bret ɗin ya yi suna da shi, sai Vince da ke tsaye a bakin fage ya sa a buga ƙararrawa. Bret bai sallama ba, amma alƙali Earl Hebner ya ce an gama, ya fice a guje. Bret ya tofa wa mai gidansa yawu a gaban kyamara, ya kuma kai masa naushi na gaske bayan sun shiga ciki, har ido ya kumbura. An yi alkawari da dare, an yi sakiyar da ba ruwa da rana, an sanar da sakamako, jami'in da ya sanar ya tsere. Alhaji, kana murmushi. Na san ka tuna da wani, kada ka faɗi suna.

Shi kansa mai gidan bai tsira ba. A watan Yulin 2022 Vince ya sauka ana binciken kuɗaɗen da ya biya wasu mata don su yi shiru. Wa ya karɓi alƙalamin rubuta labarin? Triple H, mijin 'yarsa Stephanie. Suruki ya gaji kujera, abin da ba mu taɓa ji ba a ƙasar nan. Cikin Janairun 2023 tsohon ya dawo da ƙarfin hannun jarinsa, ya kai kamfanin aka haɗe shi da kamfanin faɗa na UFC a watan Satumba ƙarƙashin sabon suna TKO, sannan a Janairun 2024 wata tsohuwar ma'aikaciya ta shigar da ƙara, ya musanta zargin, amma ya sake ajiye muƙami. Wannan karon ƙofar ba ta sake buɗe masa ba.

Ga inda nake so ku saurara da kyau, domin a nan ne resilin ta fi ku. A Janairun 2024 Cody Rhodes ya ci gasar Royal Rumble, wadda ke ba mutum tikitin karawa da zakara a WrestleMania. A watan ne kuma The Rock, tauraron fina-finai, ya shiga hukumar gudanarwar kamfanin. Kwatsam sai ga Cody a fage yana cewa ya janye, The Rock ne zai kara da zakaran, Roman Reigns. Ɗauki-ɗora ƙarara, kuma wanda aka ɗora yana cikin masu ɗorawa. 'Yan kallo suka ce ba su san zancen ba. Suka yi ta ihun sunan Cody a zauruka, suka cika intanet, mutumin da suka yi shekaru suna ƙauna suka koma yi masa ature da baki. Cikin mako guda aka yaga takarda aka sake rubutu. A watan Afrilu a Philadelphia Cody ya kayar da Roman, ya kawo ƙarshen mulkin kwana 1,316. Irin haka ta faru a 2014 da Daniel Bryan, wanda manya suka raina don ƙanƙantar jiki. Ta kuma faru a 2019 da Kofi Kingston, haifaffen Kumasi, wanda aka sa shi ya cike gurbin wani da ya ji rauni, jama'a suka riƙe shi suka ƙi saki har sai da aka ɗaura masa babban kambu. To ku masu abin gaske, yaushe rabon da ihunku ya sa a sauya sunan ɗan takara?

Kada dai in yi musu ado da yawa. Bayan wata shida suka miƙa Kofi ga Brock Lesnar ya gama da shi cikin daƙiƙoƙi, a daren da shirin SmackDown ya koma sabuwar tashar da ta biya kuɗi masu nauyi. Uban gida uban gida ne ko a Amurka.

Akwai kuma namu a ciki, ko da yake na san za ku ce su ma shiri ne. Omos ɗan Legas ne, tsawonsa ƙafa bakwai da inci uku, ƙwallon kwando ya kai shi Amurka, kuma a 2023 aka haɗa shi da Lesnar a WrestleMania. Oba Femi ma ɗan Legas ne, jifan dalma yake yi a Jami'ar Alabama kafin kamfanin ya ɗauke shi, ya ci babban kambun NXT, reshen kamfanin na masu tasowa, a Janairun 2025, kuma a ganina shi ne ya fi kowa cikinsu kwarjini. Sai Apollo Crews, wanda mahaifinsa Tibi ne daga Binuwai. A California aka haife shi, yana magana irin ta Amurkawa shekara da shekaru, rana ɗaya a 2021 ya wayi gari da harshen Najeriya a bakinsa da mashi a hannu, ya kuma ci kambu a WrestleMania a wani wasa da aka kewaye fagen da ganguna wai na Najeriya. Fulanin da ke karanta wannan, ga abokin wasanku nan ya yi abin kai, ku ji da shi. Ni dai mashin ya ba ni haushi, domin marubutan can ba su san Afirka ba sai da mashi.

Na ji wani daga Tudun Wada yana cewa shi dambe yake kallo, inda ba a rubuta wa kowa kisa. Wannan na yarda, kuma na cire hula. Wanda hannun Shago ya sauka a kansa ba a yi shawara da shi ba, shi ya sa Ɗan Anace ya samu abin waƙa. Haka kokawar takobi ta Nijar, wadda aka fara a Tahoua a 1975: in bayanka ya taɓa ƙasa, duk jiharku ta faɗi, babu marubucin da zai tashe ka. Amma ɗan'uwa, ka taɓa zama kusa da masu haɗa wasa a gidan dambe? Ka ji yadda ake ja-in-ja a kan wa za a sa da wa tsakanin Kudu da Arewa da Guramada, wane ne ya ce hannunsa na ciwo da ya ga wanda aka fito masa da shi, wane attajiri ne ya sa babur? Kuma in an yi turmi uku babu kisa tsakanin abokai biyu, me kuke raɗawa a hanyar komawa gida? Ashe ku ma labarin bayan fagen kuke ci, fagen ne kawai ya bambanta.

Saura maganar kuɗi, wadda na san ita kaɗai ce ke sa Alhaji ya gyara zama. Daga Janairun 2025 shirin Raw ya koma Netflix a kan dala biliyan 5 na shekara goma. Lissafa shi da naira a canjin yau, in wayarka za ta ɗauki sifilin. Saudiyya kuma ta shigo tun 2018, aka fara da Jidda, aka ci gaba da Riyadh, kuma mu a nan mun ci riba ɗaya: wasannin Amurka sai ƙarfe ɗaya ko biyu na dare ake fara su, a tada janareta maƙwabta su yi ta Allah ya isa, amma na Saudiyya da magariba suke faɗowa, mutum ya kalla ya kwanta kamar mai hankali. Har an sanar cewa WrestleMania ta 2027 a Riyadh za a yi ta, karon farko da za ta bar Amurka da Kanada.

Don haka Hajiya, a sa ido. In Alhaji ya ce zai je Umara a waccan shekarar, kika ga tikitinsa ya bi ta Riyadh da kwana biyu, ki tambaye shi wace ziyara ce a can. In ya ce taron kasuwanci ne, ki duba jakarsa in ya dawo, ko za ki ga riga mai hoton Oba Femi da zai ce wai tsarabar yara ce, alhali girmanta daidai tumbinsa.