Cinikin Biri a Sama

A da, in mutumin Galadi zai sayi sa, sammako yake yi ranar Alhamis ya nufi kasuwar Shinkafi. Ya buɗe bakin sa ya duba haƙori, ya shafa tozo, ya taya a ce albarka, ya ƙara a ce albarka, har dillali ya gaji ya kama hannunsa ya haɗa da na mai sa a sallama. In bayan kwana biyu sa ya fara tari, an san inda za a nufa, domin rumfar dillali ba ta tashi. La'adar nan da muke biya muna ƙunƙuni, ashe kuɗin shaida ce.

Yanzu rabin kasuwa ya koma cikin waya, kuma ba duka da son ranmu ba. Hanya ba lafiya, kowa ya san dalili. A watan Satumba na 2021 an rufe kasuwannin mako, an kuma yanke layukan waya a Zamfara, muka ɗanɗana zama ba ta ƙasa ba ta sama. Sai ga canjin kuɗi a farkon 2023, wanda ya sa Zamfara da Kaduna da Kogi suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli. Kafin kotu ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris, har mai ƙosai ta rubuta lambar asusunta a jikin kwali ta jingina da murhu. Tun daga nan muka shiga cinikin biri a sama, kuma cinikin ya haifo mana wasu irin mutane.

Na farkonsu Alhaji Na-Turo. Shigarsa ta kamala ce, turarensa na riga shi isowa, kuma ba ya taya kaya, domin wanda ba zai biya ba tsada ba ta damunsa. Yana son zuwa dab da magariba, lokacin da mai shago ke da ƙafa ɗaya a masallaci. Zai ɗebi buhun shinkafa biyu da jarkar mai, ya danna waya, ya juyo maka da fuskarta: ga risit kore shar, ga sunanka daidai. Wani lokaci har saƙon alat ya faɗo maka. In ka ce bari ka duba abin da ke cikin asusu, sai ya ɓata rai: “Haba Malam, mi kake nuhi? Kamata za a tsayar kan dubu tamanin? Shina tahe, sabis na.” Ka ji kunya ka sallame shi. Kuɗin na nan tafe har gobe.

Abin takaici, yana da ɗan'uwa mai kama da shi sak, wato Bawan Allah An-Cire. Shi da gaske ya tura, an cire a asusunsa, bai shiga naka ba, kuɗin ya maƙale tsakanin banki da banki. Kalmominsu ɗaya, rantsuwarsu ɗaya. Bambancin kawai, An-Cire zai zauna a bencinka har isha'i yana gumi yana danna waya, Na-Turo kuwa kullum akwai mara lafiya da ke jiransa a asibiti. Na sha ganin an riƙe babur ɗin mai gaskiya an bar ɓarawo ya tafi da addu'ar Allah ya ƙara arziki.

Sai Hajiya Mai Hoto. Shagonta a WhatsApp yake, tana ɗora atamfa da leshi talatin a yini, ba ta taɓa riƙe ko ɗaya a hannu ba. Hotunan daga wani ɗan Kantin Kwari ta kwaso su, shi ma daga wani. Ba ɓarauniya ba ce, kaya za su zo. Sai dai abin da aka gani ruwan goro zai sauka a tashar Ƙaura ruwan ƙasa, yadi shida ya zama biyar da ɗan kai. In mai saye ta kira, amsa a shirye take: “Wallahi ƙawata hasken kyamara ne. Kuma kin san ba a mayar da kaya.” Wannan doka ta ba a mayar da kaya ba a taɓa faɗinta kafin a tura kuɗi, sai bayan. Rigimarsu ba ta zuwa gaban kowa. A gidan biki ake yinta, da harara da habaici, kuma takan kai shekara.

Akwai Nawa-Ne-Gaskiya, wanda zai sa ka ɗauki hoton tunkiya ta gaba da ta baya, ka yi mata bidiyo tana tafiya, sannan ya ce zai yi shawara. Akwai kuma Sarkin Hamsin, da zai kashe katin naira 200 yana musu a kan wa zai biya naira 50 ɗin da ake cirewa in kuɗi ya kai dubu 10. Waɗannan ba sa cin dukiyar kowa sai lokaci, mu wuce su.

Wanda ya fi ba ni tausayi da dariya a haɗe shi ne Malam Tsuntsu-Daga-Sama. Ya ga waya a Facebook, wadda ko a Farm Centre ta Kano ba a samunta ƙasa da dubu 300, an sa mata dubu 90, wai mai ita zai bar ƙasa. Bai gaya wa kowa ba, kada a riga shi. Ya tura kafin alƙalami. Aka ce kuɗin mota, ya tura. Aka ce jami'ai sun tare kaya a hanya, ya tura. A karo na huɗu zuciyarsa ta gaya masa gaskiya, amma ya riga ya zuba dubu 60, in ya tsaya ya yarda ke nan an cuce shi, sai ya sake turawa. Shi ne ya shiga MMM a 2016, shi ne ya shiga CBEX kafin ta rufta a watan Afrilu na 2025, kuma in ka zauna da shi zai ba ka lacca a kan yadda mutane ba su da wayo.

Shi ne kuma abincin Ma'aikacin Banki, mai kira da sassanyar murya da Hausa tsantsa, ya faɗi cikakken sunanka, ya ce za a rufe asusunka yau saboda matsalar BVN, sai ka karanto masa lambobin da suka shigo yanzu. Banki ba ya tambayar waɗannan lambobi. An faɗa a rediyo, an faɗa a masallaci, amma murya mai ladabi ta fi sanarwa ƙarfi.

Gwanin gwanaye dai shi ne Dillalin Iska, kuma dole a tsaya a kansa, domin aikinsa akwai fasaha, Allah ya shirye shi. Wani a Ƙaura ya sa babur ɗinsa a kasuwa. Dillalin Iska ya kwafi hotunan ya sake ɗorawa da rangwame. Mutumin Zurmi ya gani ya kira. Sai ya ce masa: “Babur na wurin ƙanena a Ƙaura, je ka gani. Amma kada ka yi maganar kuɗi da shi, yaron na son ya ci riba a kaina.” Ya juya ya kira mai babur: “Zan turo yarona ya duba, in ya yi masa zan biya ka. Kada ka gaya masa farashi.” Mutum biyu suka haɗu, kowa na yi wa ɗan'uwansa kallon yaron wani. Na Zurmi ya hau, ya zaga, ya ji injin lafiya lau, ya koma gefe ya tura kuɗi asusun da aka ba shi, ya dawo ya miƙa hannu a ba shi makulli da takardu. Mai babur ya ce wane makulli? Kafin a ankara an cakumi kwalar juna, jama'a sun taru, kowa na rantsuwa da Allah kuma kowa gaskiya yake faɗa. Lambar da ta haɗa su kuwa tuni an kashe ta.

Daga nan sai masu raba gardama, su ma iri-iri ne.

Alƙalin farko mai POS ne, ba don ya nema ba. Yana zaune ƙarƙashin lema da na'urar Moniepoint ko OPay, caji kawai ya karɓa, amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shi zai karanta risit, shi zai bambance wanda ya wuce da wanda ke rataye, shi za a zaga in kuɗin tsohuwa ya maƙale: “Kai wanga yaro, hannunka na ba kuɗɗina, hannunka nika amsa!” Ɗan kamasho a tasha ma yakan shiga, domin shi ya ga kwalin da aka ba direba, ko da yake bai taɓa ganin abin da ke ciki ba.

In abu ya girma sai gaban mai unguwa. Tambayarsa ta farko ba ta canzawa: wa ya ga lokacin da aka ba da kuɗin? A miƙa masa waya, ya nisantar da ita daga ido, ya matso da ita, ya miƙa wa jikansa. Hukuncinsa ma sananne ne, a raba asara biyu a yi haƙuri, ana tare. Wanda aka cuta ya tafi da rabi, wanda bai ci komai ba ya biya rabi don a zauna lafiya.

Ana cikin haka Ɗan Boko zai iso, yawanci ɗalibi daga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙaura. Zai ambaci dokar laifukan intanet ta 2015, ya ambaci EFCC da FCCPC, ya ce sai an ga abin da ya ture wa buzu naɗi. Maganarsa akwai gaskiya a ciki, fiye da yadda dattawa ke zato. In aka sanar da banki nan take, akan iya riƙe asusun da kuɗin ya faɗa kafin a kwashe, ko da yake maido da shi yakan nemi takardar 'yan sanda ko umarnin kotu. In banki ya yi mako biyu bai warware ƙorafi ba, ana iya kai shi gaban Babban Banki. Matsalar ita ce ofishin shiyya na EFCC a Sakkwato yake, abin da aka ci kuma dubu 12 ne. Da an yi lissafin kuɗin mota sai taro ya watse.

Liman ne ya fi ba ni mamaki. Ya ce wannan ciniki ba sabo ba ne. Risala ta Ibn Abi Zaid, da ake karantawa a zaurukanmu, an rubuta ta fiye da shekara 1000 da suka wuce, kuma ta halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, amma ta hana a sharɗanta biyan kuɗi tun kafin a gani in kayan na nesa. Ta kuma ba mai saye damar mayar da kaya in ya sami aibin da aka ɓoye masa. Wato Hajiya Mai Hoto ta faɗi tun kafin a ƙera waya. Da ya gama bayani sai aka ga ya yi shiru. Ashe shi ma ya tura kuɗin wata alkyabba tun kafin azumi.

Saura biyu. Mai Allah-Ya-Isa ba ya zuwa ko'ina, ya ɗaga ƙara zuwa lahira inda ba a neman risit. Mai Tonon Asiri kuwa zai watsa hoton macuci a Facebook da manyan baƙaƙe, sai daga baya a gane hoton wani malamin makaranta ne da aka sata, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Kada mai karatu ya ɗauka daga kan katanga nake leƙen waɗannan mutane. Kafin babbar salla na ga takalmi sau ciki a wayar wani mai sayarwa da ban taɓa gani ba. Na taya, ya sallama da sauri, abin da ya kamata ya tsorata ni. Na tura, na jira kwana tara, kwali ya iso tasha an naɗe shi da salatif kamar mai karaya. Fata mai kyau, launi daidai, lamba 43 daidai, ƙafar hagu guda biyu. Na kira, ya ce hasken kyamara ne, sannan ya toshe ni.

Takalman na nan ƙarƙashin gado. Duk wanda aka aiko wa ƙafar dama biyu, baƙi, lamba 43, ya same ni kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, kusa da 'yan takalma. Ya taho da su a hannu, kuma ya zo da dillali, ni zan biya la'ada.