Tabon Baƙin Mai Ba Ya Jin Tsawa

Ina da ra'ayi guda a kan tabon baƙin man da mota ke bari a daɓen siminti, kuma na san magidanta ba za su so shi ba: duk wanda ya tunkare shi da ƙarfin damtse, tabon ne zai ci. Simintin da muke gani sumul cike yake da ƙananan ramuka waɗanda ruwan kwaɓi ya bari sa'ad da ya bushe. Man da ya ɗiga da daddare, kafin a idar da sallar asuba ya riga ya gangara cikinsu ya miƙe ƙafa. Shi ya sa maigida zai fito da bokiti da tsintsiyar kwakwa, ya naɗe ƙafar wando, ya yi ta dirza har gumi ya jiƙa masa singileti, sai tabon da bai wuce tafin hannu ba ya koma faɗin faifai. Ruwa ba ya narkar da mai, ɗaukarsa yake yi ya rarraba wa ramukan da a da ba su ji ba su gani ba.

A nan ne masu ba da shawara ke hallara, kowa da hannunsa a baya. Na farko zai ce a zuba fetur. Gaskiya ne fetur na narkar da mai, sai dai narkakken mai ya fi saurin nutsewa, sannan tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, ba ya neman izini kafin ya isa murhun uwargida. Garin neman gira sai a rasa ido, da gashin girar ma. Na biyu zai ce ruwan batir. Wannan asid ne, siminti kuwa sinadarin farar ƙasa ne jigonsa, don haka sai ya cinye daɓen ya bar man, a sami rami mai baƙin tabo a tsakiya. Na uku zai kawo sodar haɗa sabulu, ya manta cewa manja da man gyaɗa take mayarwa sabulu, man inji kuwa daga ɗanyen man ƙasa ya fito, bai san ta ba. Mai cewa a zuba Coca-Cola, shi dai ya yi wa tururuwa walima.

Abin da ke aiki abin raini ne: toka, ko garin katako, ko busasshen siminti. Idan man sabo ne, a lulluɓe shi da tokar, a tattake, a bar ta ta kwana, a share. Sai a kwaɓa Omo da ruwan zafi ya yi kauri, a goga da burushi mai tauri, a ba shi lokaci kafin a ɗauraye. Idan tabon ya tsufa, a kwaɓa toka da ɗan kananzir, a shafe shi, a rufe da leda yini guda, a buɗe ya bushe, a kankare, a maimaita. Wani zai ce, to Malam, ka hana fetur ka halatta ƙanensa? Bambancin shi ne kananzir bai kai fetur saurin tashi da kama wuta ba, kuma tokar tana ba narkakken man wurin zuwa sama maimakon ƙasa. Duk da haka, a yi a sarari, nesa da wuta da janareta da mai shan taba.

Ƙorafi mai ƙarfi shi ne na lokaci: gobe suna, surukai na tafe. Amsata ita ce tabarma, ko a mayar da motar kan abin da ta aikata. Masu cewa a shafe da fenti kuma, fenti ba ya kama wurin da ke da maiƙo, zai ɓare ya zagaye tabon yana nuna shi ga baƙi. Wanda ya ce a kora komai kwata da tiyo, ya tuna da rijiyar gidansa. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa baƙin man juye ɗaya, kusan lita 4 ke nan a ƙaramar mota, na iya gurɓata galan miliyan 1 na ruwan sha.

Saura mai laifin, wadda ke tsaye tana kallon duk wannan wahala da fitilunta biyu. Yoyon yakan fito ne daga sil da ya tsufa, ko gasket, ko washar ƙusar juye mai da aka mayar ba a canza ba, kayan da a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ba a rasa su. A shimfiɗa kwali a ƙarƙashin injin da daddare, da safe ɗigon zai nuna saitin inda matsalar take, sai a tafi da kwalin gareji a matsayin shaida. Dole a riƙe shi da kyau, domin bakanike zai leƙa, ya goge hannu da tsumma, ya ce, "Haba Alhaji, ai wannan ba yoyo ba ne, gumi take yi."