Ɗan Beguwa da Taguwa Mai Tambari Uku

Ga ta nan, ga ta nanku.

An yi wani Ɗan Beguwa a Umdurman ta ƙasar Sudan, raminsa na gindin tsofaffin ganuwoyin ƙasa da mayaƙan Halifa Abdullahi suka gina a bakin Nilu kafin yaƙin Karari na 1898. Kakanninsa daga ƙasar Hausa suka zo, cikin ayarin masu hijira bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Wasu suka zauna a Mai Wurno, wasu suka gangaro birni. Don haka ya tashi da tatsuniya iri biyu a kunne: ta Gizo da Ƙoƙi daga bakin kakarsa, da ta maƙwabta, ta Fatima Samha, da ta ba'ati, mamacin da ake cewa yana tasowa ya dawo ƙofar gidansu da dare.

Rubutu yake so, amma ba shi da alƙalami sai ƙayar jikinsa. Kowane labari sai ya tsige ɗaya, ya fiƙe, ya tsoma a tawada. Uwarsa takan ce, "Kai ɗan nan, ƙayar nan ita ce rigarka, ita ce garkuwarka." Sai ya ce, "To, Inna," ya kuma tsige wata.

Wata Talata ya haye gada zuwa Khartum, inda Malam Dila ke shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa. Dila ya miƙa masa biyu: tatsuniyoyin Sudan da Abdullahi al-Tayyib ya tattara, malamin nan da ya taɓa jagorantar Kwalejin Abdullahi Bayero a Kano, da kuma littafin Sharafuddin al-Amin Abdussalam a kan hambata.

Na biyun ne ya tafi da hankalinsa. Hambata mahara ne na raƙuma a Butana da Kurdufan, can inda hannun hukuma bai cika kaiwa ba. Ana cewa ba sa taɓa akuya, ba sa taɓa dukiyar maraya ko ta gwauruwa ko ta maƙwabci, garken mai hali kawai suke kora, abin da suka samu kuma su rabar. Ga su mawaƙa, suna tsara baitoci huɗu-huɗu a kan siridi. Sunayen Tayyib wad Dahawiyya da Taha Darir suka zama abin da Ɗan Beguwa ke kwana da shi yana tashi da shi. Ya rubuta labari bayan labari, yana karantawa a tsibirin Tuti da yamma, tsuntsaye na kaɗa fiffike don daɗi. Kuma gaskiya labaran sun yi kyau, yaron yana da hannu.

Wata rana ya je Mugran, mahaɗar Farin Nilu da Shuɗin Nilu, don ya tambayi Kada labarin mutanen ruwa.

Kada ya ce, "Shekaruna nawa a ƙarƙashin ruwan nan, ban taɓa karo da aljana ba. Abin da mutanen gaɓa ke tsoro, ni ne. Amma in labarina kake so, kada ka tambaye ni. Ni abin da na sani shi ne na ƙoshi. Je ka tambayi akuyar da ta ga an ja 'yarta."

Ɗan Beguwa bai gane ba. Ya yi godiya, ya nufi kasuwar raƙuma ta Muwailih a yammacin Umdurman, ko zai dace da wanda ya ga hambata da idonsa. Nan ya tarar da Kura zaune a inuwa, ta naɗa rawani, tana rera baitocin mahara da murya mai daɗi. Ta ce ai ita jikarsu ce. Ya zauna yana rubutawa har hannunsa na rawa.

Can gefe wata tsohuwar Taguwa tana durƙushe tana tuƙa. Da Kura ta tashi, sai ta ce, "Zo nan, jikana. Duba wuyana."

Ya duba, ya ga tambarin wuta uku, wani kan wani.

"Na farko na gidan da aka haife ni ne, a Butana. Na biyu na wanda ya saye ni ne a hannun maharan. Da dare suka zo, wata bai fito ba. Mahayin da ke gaba yana waƙa, kuma wallahi muryarsa ta fi ta Kurar nan. Ɗana bai yi wata guda ba a duniya. Suka kora mu da gudu don masu bin sawu na tafe. Ya bi ni har asuba, daga nan ƙafarsa ta ƙi. Na juya, aka sa mini bulala. Kwana da kwanaki nonona na zuba a ƙasa ba mai sha. A waƙar an ƙirga mu, an ce kai kaza aka koro. Shi ba ya cikin lissafin, tun da bai iso ba."

Ɗan Beguwa ya ce, "Ashe duk ƙarya ce, Iya? Kyautar da ake cewa suna yi?"

"Wa ya ce maka ƙarya ce? Tambari na uku na wata gwauruwa ce mai marayu huɗu. Da aka sake koro ni, maharin ne ya ɗaure ni a ƙofarta, bai karɓi ko sisi ba. Nonona ya raini yaran nan har suka girma. Wannan ya faru, wancan ma ya faru. Ni ce na ɗauki duka biyun, kai kuwa ɗaya ka rubuta."

Ya koma gida bai ci abinci ba. Bai ƙona labaransa na dā ba, kuma ina ganin ya yi daidai, don waƙoƙin nan dukiyar ƙasar ce. Amma kullum sai ya tafi Muwailih ya zauna gaban Taguwa, tana faɗa yana rubutawa. Masu sauraro a Tuti suka ragu. Bayansa ya fara sanƙo.

Ana nan, ranar Asabar 15 ga Afrilun 2023, cikin azumi, gari ya waye da ƙarar bindiga. Gadoji suka zama abin tsoro, Tuti ta koma kurkuku, Malam Dila ya bar littattafansa ya gudu. Kuraye suka bazu cikin unguwanni. Ba su bar akuya ba, ba su bar tukunya ba, ba su tambayi wane ne maraya ba. Abin da yara ke tsoro a ƙofar gida da dare ya tashi daga ba'ati ya koma mai rai da ƙafafu huɗu.

Wani dare Kura mai rawani ta leƙo raminsa.

"Malam marubuci, ka san ni. Ka rubuta ni kamar yadda ka rubuta Wad Dahawiyya. Mahariya ce ni, 'yar mahara."

Ɗan Beguwa ya ce, "Na riga na rubuta ki." Ya jawo takarda ya fara karantawa: akuyar Bushiya wadda ke shayar da 'ya'yanta da nononta, buhun dawar Jaki, tabarmar sallar tsohon Kunkuru, 'ya'yan Kurciya biyu da ba su yi gashi ba. Kowanne da sunan mai shi, da unguwa, da ranar da aka ɗauka.

Kura ta ce, "Ina baitocin?"

Ya ce, "Ba ki bar wanda zai rera su ba."

Ta zabura za ta cafke shi. Ya juya mata baya. Ƙaya bakwai suka rage masa, kuma duk bakwai ɗin ya riga ya jiƙa su da tawada, don da su yake nufin ƙarasa littafin Taguwa. Suka nutse a fuskarta da wuyanta. Ta fita da ihu, ta yi ta birgima a yashi, ta wanke a Nilu, tabon ya ƙi fita.

Kafin gari ya waye Taguwa ta durƙusa a bakin ramin. Ya ɗora uwarsa, ya ɗaure takardun a wuyanta, ya hau tsirara ba ƙaya ko ɗaya, sanyin asuba na ratsa shi. Suka bi sahun masu gudu.

Taguwa ta ce, "Da me za ka ƙarasa, jikana?"

Ya ce, "Za su sake tsirowa, Iya. Ci gaba daga inda muka tsaya, ina riƙewa da ka."

Ita kuwa Kura, duk kasuwar da ta shiga da kayan mutane, sai yara su nuna ɗigon tawadar, su kira sunan mai kayan.

Ƙurunƙus kan kusu.