Wasiƙa daga Bronx: Babin Roƙon Tambaya

Zuwa ga Yaya, a karanta wa mutan gida a zaure bayan la'asar.

Turancin Ingilishi yana da wata magana, "begs the question", wadda in aka bi ta kalma-kalma sai ta zama roƙon tambaya. Ba bara ake nufi ba, don ba a taɓa ganin Bature da ƙoƙo ana zuba masa tambayoyi ba. Asalin zancen daga Aristo ne, masanin Girka da ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa. Shi ya ce aibi ne mai gardama ya ɗauki abin da aka ce ya tabbatar, ya mai da shi hujjarsa. Daga Latin maganar ta shiga Ingilishi a ƙarni na 16, kuma ta shiga a karkace. Malaman manɗiƙi suna kiran wannan aibi musadara.

Misalinsa yana cikin gida. Kawu ya ce albasar kwarin Tarka ta fi ta Galmi. Aka ce don me? Ya ce don ta Galmi ba ta kai ta ba. Ashe tun kafin a haifi mai wannan wasiƙa Kawu yake roƙon tambaya a kasuwar Madawa, ba wanda ya ba shi ko takardar shaida. A faɗa masa a hankali, bayan ya ci tuwo.

Ma'ana ta biyu ita ce ta kan titi. 'Yan jarida da sauran jama'a suna faɗinta ne in abu ya jawo a yi tambaya a kansa, har ƙamus ɗin Merriam-Webster ya rubuta hakan. Malamai kuwa sun ce a wannan gurbi "raises the question" ake cewa, kuma a nan rigimar take. Ƙanenku ya faɗi ta titi a makarantar dare, yana mamakin kuɗin haya. Malama ta cire tabarau, ta dafa ƙirji, ta nufi allo. Rabin awa tana zane da kibiyoyi. Wani ɗan Gana ya tashi kare ƙanenku, wata dattijuwa ta ce ƙamus ɗin ma ya lalace, aji ya rabu biyu kamar ranar da ɗan Keita ya kara da ɗan Buza a filin kokowa. Mutanen da ba su san sunan maƙwabcinsu ba, ga su jijiyar wuya a tashe saboda Aristo! Shi dai mai laifin bai ji haushi ba, don tun saukarsa ƙasar nan ba wanda ya tsaya a kansa rabin awa cur.

Ƙa'idar ke nan: mai neman zaman lafiya ya riƙe ta malamai. Ta titi halal ce a tasha, haram a gaban Malama. A gaban mai gidan wankin mota kuma, inda ƙanenku yake aiki, shiru ya fi duka biyun. Yanzu ƙanenku har talabijin yake yi wa gyara, shi kaɗai a ɗaki, da ƙarfi.

Kuɗin taki sun tafi, bargon Inna yana hannun mai zuwa bayan Salla, sanyi ya kusa cinye kunnuwan mai rubutu. Shirun da aka yi kan maganar gidan nan na Buza kuwa ingantaccen misali ne na ma'ana ta biyu, kuma ana jiran amsarsa a WhatsApp.

Ƙanenku.