Fulawar Da Ba A Soyawa

Katangar wani gida a Nasarawa ce ta jawo mini. Ina cikin adaidaita sahu na hango furanni sun malalo daga samanta, ja da ruwan hoda, kamar an shanya atamfofin lefe. Nan take zuciya ta ce mini, kai ma fa magidanci ne. Gidana kuwa na haya ne a Gyaɗi-Gyaɗi, tsakar gidan idan aka shimfiɗa tabarma biyu, ta uku sai dai ta jira a zaure.

Na sauka wajen masu sayar da shuke-shuke a bakin titi, na biya kuɗin ɗaya a tukunya. Sunanta bogenbiliya. Mai sayarwar ya ce, "Alhaji, kada ka cika mata ruwa." Na ce to, a raina ina cewa rowa ce irin ta wanda ke sayen ruwa da kuɗinsa.

Tun a hanya na kira uwargida na ce na sayo fulawa. Kafin in iso ta aiki yaro sayen yis, ta fito da kaskon suya. Da ta ga na shigo rungume da tukunyar ƙasa, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Malam, wannan ta fanke ce ko ta cincin?"

Babban ɗana ne ya ƙara mini ƙarfin gwiwa. Ya duba waya ya karanto cewa asalinta daga Burazil ne, wani masanin tsirrai Bafaranshe mai suna Kwamason ya same ta a wajejen Riyo da Janero a 1767, ya raɗa mata sunan shugaban tafiyarsu ta jirgin ruwa, Buganbil. Na ce a tsaya nan. Riyo ba a bakin teku take ba? Ya ce a nan take. Shi ke nan, hujja ta tsaya. Wadda aka haifa a bakin teku, a kawo ta Kano ana tsakiyar bazara, a ce wai ba ta son ruwa?

Famfon layinmu ya daɗe da zama turken akuya, saboda haka na kira mai garuwarmu na ƙara jarka ɗaya kullum, ta baƙuwa. Bayan asuba in shayar, bayan la'asar in shayar, wani lokaci cikin dare idan zafi ya hana ni barci in ce ita ma haka take ji, in ƙara mata buta guda. Ta yi ganye kore shar, fure ko ɗaya babu. Daga nan ganyen ya fara rawaya yana zuba. Na ce ƙishi ne, na mai da jarka biyu. Mai garuwa ya fara gaishe ni da hannu biyu.

Da abin ya ƙi, na tafi Kasuwar Tarauni na roƙo kashin kaji a leda na zuba mata. Warin da ya tashi ya sa maƙwabta leƙowa su tambaya ko lafiya. Sauro ya buɗe unguwa a farantin da ke ƙarƙashin tukunyar. Na sunkuya in duba gindinta, ta caka mini ƙaya a goshi. Uwargida ta ce, "Malam, da kishiya ka yi mini da ta fi wannan sauƙin ciyarwa."

A Taraunin ne kuma na ga abin da ya ɓata mini rai. Jikin katangar wani garejin makanikai, cikin ƙura da baƙin mai, ga 'yar'uwarta ta yi fure har ba a ganin ganye. Na tambayi tsohon da ke gadi sau nawa suke ba ta ruwa. Ya ce, "Ruwa? Sai na Allah, daga damina sai damina." Na ce a raina tsohon nan ɓoye sirri yake.

Sai tafiyar aiki ta kama ni zuwa Zariya, ta kusan sati shida. Na damƙa wa babban ɗan nawa kuɗin jarkoki, na ja masa kunne kamar wanda aka bar wa jinya.

Ranar da na dawo, tun daga zaure na tsaya. Ta yi ja-wur, reshe har ya kama taga. Na rungume yaron, na sa masa albarka, na ciro kuɗi na ƙara masa. Ina cikin yi wa uwarsa bayanin ladan haƙuri sai ga sallamar mai garuwa.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Ashe fulawar ta mutu? Allah ya mayar da alheri. Tun da ka tafi ba a karɓi jarkarta ba."

Na waiga, yaro ya riga ya kai bakin titi. Kuɗin sun tafi a data da gidan kallon ƙwallo. Uwargida ta ce ita dai ragowar buta take watsa mata idan ta tuna, sau ɗaya ko biyu a sati.

Na koma wurin mai sayarwa da kunyata. Ya ce saiwa ma tana shaƙar iska, ƙasa idan ta jiƙe kullum sai ta ruɓe, kuma irin wannan shuka sai ta ɗan ji ƙishi take fure. In tura yatsa cikin ƙasar, idan da danshi in rabu da ita. Ya ƙara da cewa jan nan da nake yabo ma ganye ne ya rine, furen gaskiya shi ne ɗan farin da ke tsakiya, wanda ban taɓa lura da shi ba.

Yaron bai dawo da ko kwabo ba, har yana cewa a yi masa godiya. Mai garuwa kuwa har yau idan ya sauke jarkokin gida sai ya leƙa wajen tukunyar ya ce, "Alhaji, kamar fa tana jin ƙishi."