Madalla da saitin da ya fi mai shi sani

A jinjina wa saitin VS Code, editan da Microsoft ya fitar a 2015, wanda yau yake kan kwamfutocin ɗalibai masu koyon rubuta manhaja a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil. Wane irin alheri ne bai yi wa yaranmu ba? Ya ɗauke musu wahalar sanin abin da ke faruwa a kwamfutarsu.

Dubi tsarin mulkinsa, abin sha'awa. Akwai saitin da ya zo da shi daga kamfani. Ɗalibi ya gyara nasa a kai, ya zaɓi tazara 4 a farkon layi kamar yadda ƙa'idar PEP 8 ta Python ta tanada tun 2001, ya koma gefe yana jin shi ne mai gida. Sai abokin aikinsa ya miƙo masa folda a filashi, cikinta da wata ƙaramar folda mai suna .vscode, a ciki an ce tazara 2. Nan take nasa ya faɗi, ba sallama, ba sanarwa. A wannan masarauta mai unguwa ke soke hukuncin sarki, kuma saitin da aka keɓe wa yaren rubuta manhaja guda ya soke na mai unguwar. Matakan sun haura 10. Allah ya ƙara girma!

Hikimar ba ta tsaya nan ba. Editan yana da basirar leƙa fayil ya yi hasashen tazarar da ke ciki, ya bi ta, ya yi watsi da abin da ka rubuta da hannunka. An kunna wannan tun daga kamfani, don kada a dame ka da tambaya. Idan layi ɗaya ya zo da Tab, na ƙasansa da tazarar maɓallin sarari, ido ba zai ga bambanci ba, amma Python 3 zai ƙi motsawa. Yaro ya kwana yana duba lissafinsa, alhali lissafin lafiya lau yake. Ina makarantar haƙuri da ta kai wannan?

Sai karramawar da ake yi wa harshenmu. Ka rubuta ƙ ko ɗ ko ɓ a foldar da ba ka shaida wa editan ka amince da ita ba, ya zagaye harafin da akwati, kamar yadda yake yi wa haruffan da ake zargi, matakin tsaron da aka ƙara a 2021. Wani kuma ya buɗe fayil ɗin da tsarin Windows-1252 maimakon UTF-8, sunan Ɗanladi ya koma tarkace. Madalla! Ɗalibi ya koyi darasi, gobe ya rubuta Danladi, ya huta.

Abin da ya fi cancantar yabo shi ne yadda saitin nan ba ya taɓa ɗaukar laifi. Ranar kare aikin kammala karatu, manhajar da ta yi aiki jiya a ɗakin kwana ta ƙi tashi a kwamfutar da ke gaban malamai. Ba wanda zai ce a buɗe settings.json, fayil ɗin da saitin yake ciki. Yarinyar da iyayenta suka sayar da amfanin gona suka saya mata kwamfuta za ta fito tana share hawaye, tana gaya wa ƙawarta ita dai kanta ba ya ja.