Wasiƙa Zuwa Dinawa Daga Ƙasar Ƙanƙara

Miniyapolis, Jihar Minesota, Amurka
Watan Fabrairu

Zuwa ga taubashina, bawana na gado,

Ina fata kana lafiya, kai da iyali da Goggo da duk mutanen gida. Yaya aikin fadama, yaya albasa da tafarnuwa? Na san war haka kana dunƙule a bakin murhu, kana rantsuwa cewa hunturun bana ya fi na bara. To miƙe ka gyara zama, yau labarin sana'ar da kake cika baki da ita na kawo maka, wato kamun kifi.

Jihar da nake zaune kirarinta ƙasar tafki dubu goma, kuma ba kurin baki ba ne, domin ƙidayar hukuma ta ba da 11,842. Cikin duk abin da ke yawo a ruwan nan akwai wani kifi da suka ɗauka suka ɗora a ka, sunansa walayi. Tun 1965 majalisar jiha ta zauna ta naɗa shi kifin jiha, da doka da sa hannun gwamna. A garin Bodet, can kan iyaka da Kanada, sun gina masa mutum-mutumi mai tsawon ƙafa 40, baƙi na tsayawa suna ɗaukar hoto da shi. Kai da ka yi shekara da shekaru kana jiƙa wando a Gulbin Rima, ko hular gora ba a taɓa naɗa maka ba, ga kifi ya riga ka samun sarauta.

Halinsa halin giwan ruwa ne. Mafarauci ne, bakinsa cike da haƙora masu tsini, a gadon bayansa akwai ƙayoyin da ke huda tafin hannun mai gaggawa. Idonsa na ƙyalli in haske ya doke shi, shi ya sa yake gani cikin duhu sarai, sai ya kwanta can ƙasa da rana, ya fito farautar ƙananan kifaye da asuba da kuma almuru. Masuntan nan murna suke yi in hadari ya rufe rana ko iska ta kaɗa ruwa, don a lokacin yake ci. Yana da ɗan'uwa a Turai mai suna zanda, wanda mutanen Jamus da Holan ke bi a kogunansu, kamarsu ɗaya sai dai na Turai ya ɗan fi jiki. Abin da ake sa masa a ƙugiya kuwa ɗan ƙaramin kifi ne, ko tana, ko matsattsaku. Ka ji da kyau, matsattsaku. Abin da ke sa ka fito daga ruwa a guje kana kiran sunan Goggo, nan a kanti ake sayar da shi da dala, a cikin gwangwani mai murfi. Da zan iya aiko maka da biza, da arzikinka ya samu, tunda ba a taɓa yin ƙafar da matsattsaku ke so kamar taka ba.

Wani dattijo Bature da muke aiki tare shi ya kai ni tafkin Milaks a watan jiya. Taubashi, ruwan ya daskare ya zama dutse. Mota muka hau muka shiga tsakiyar tafki, kan hanyar da aka share a bisa ƙanƙara, har da alamun kwana. A ranar sanyi ya wuce digiri 20 ƙasa da sifili. Hukuma ta ce sai kaurin ƙanƙara ya kai inci 4 mutum zai taka ta da ƙafa, amma inda muka tsaya ya haura kamu ɗaya. Muka tarar da gari guda na 'yan ɗakuna masu taya, kowane da murhun gas da gado, wasu har da talabijin. A tsakar ɗakin ake ɗaga murfi, a sa injin huji a huda ƙanƙara, sai ga ruwa baƙi wuluk. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Daga nan mutum ya zauna kan kujera da kofin shayi, ya zura fatsa cikin ramin, yana ɗan girgiza ta sama da ƙasa don kifi ya zaci abin mai rai ne. A gefensa akwai na'ura mai allo da ke nuna masa kifin yana tahowa. Babu gora, babu homa, babu nutso, ko yatsa ba ya jiƙewa. Nan take ka faɗo mini a rai, na ce ga irin sun da aka halitta don bawana, wanda za a yi daga kwance.

Da magariba ta kawo jiki sai fatsar dattijon ta lanƙwashe. Ya jawo kifi mai tsawon kamu ɗaya da ɗoriya, ruwan zinariya, gwanin kyau. Ya yi ihu, maƙwabta suka fito daga ɗakunansu suna taya shi murna. Na tambaye shi mafi girma da aka taɓa kamawa, ya ce a jihar nan na 1979 ne, bai cika kilo 8 ba, na duniya kuwa a Jihar Tenesi aka kama shi a 1960, kilo 11 da 'yan kai. Sai na ba shi labarin Argungu. Na ce a 2005 kifin da ya ci gasa kilo 75 ne, sai da ƙarti huɗu suka ɗora shi kan sikeli, na 2020 kuma kilo 78, kuma duk da hannu da homa aka fito da su daga kogin Matan Fada. Na ƙara masa da cewa giwan ruwa na iya kai tsawon mita 2 da nauyin kilo 200. Dattijo ya ajiye kofinsa ya yi shiru. Ban ba shi labarin taka giwar ba, wadda ta kuɓuce maka a Goronyo, domin tun ina gida take ƙara kamu ɗaya duk shekara, kuma ban san inda ta kai a bana ba. Ka rubuto mini sabon awonta.

Su ma suna da nasu Argungun. Tun 1991 ake gasa a tafkin Gal kusa da garin Birenad, mutum wajen dubu goma kan ƙanƙara, kowa tsugune bakin raminsa. Ga kyaututtuka har da mota, sai dai ba kalangu, ba kirari, ba ƙura. Kuma kada ka ɗauka ba a maguɗi a nan. A 2022, a wata gasa a tafkin Iri kusa da birnin Kilibilan, alƙali ya ga kifin wasu mutum biyu ya yi nauyin da ya fi jikinsa, ya sa wuƙa ya farke cikinsa, sai ga dunƙulen darma suna zubowa. Kotu ta ɗaure su kwana 10, ta ƙwace jirginsu. Ka tuna a Argungu ma a 2008 an karɓe kambin wanda ya shigo da mataccen kifi daga wani wuri. Ashe son banza ba ya jin sanyi.

Yanzu ka buɗe kunne, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kifin nan da dattijo ya kama, sai ya auna shi da ma'auni, ya ɗauki hoto, ya mayar da shi cikin ramin ya tafi abinsa. Ya ce mace ce, domin a walayi mata ne ke yin girma haka, kuma ƙwan da ke cikinta shi ne kifin baɗi da na baɗin baɗaɗa. A nan ba a jefa ƙugiya sai da lasin. A yawancin tafkuna walayi shida ne iyakar abin da mutum zai riƙe, kuma ɗaya tak aka yarda ya wuce inci 20. Daga ƙarshen Fabrairu ake rufe kamunsa don ya samu ya yi ƙwai a kan tsakuwa in ƙanƙara ta narke, sai tsakiyar Mayu a buɗe, ranar da gwamna da kansa ke fita da fatsa, al'adar da aka faro tun 1948.

Wuya ce ta koya musu. Akwai wani babban ruwa a arewacin jihar da ake kira Jan Tafki, na 'yan asalin ƙasar, ƙabilar Ojibwe. An yi ta kwasar walayi a cikinsa har ya kusa ƙarewa. A 1997 masuntan ƙabilar da kansu suka yanke shawarar ajiye taru, alhali da shi suke ci. A 1999 suka ƙulla yarjejeniya da gwamnati, aka hana kamu gaba ɗaya, aka zuba 'ya'yan kifi miliyoyi. Sai 2006 aka sake buɗewa, kuma yau yana cikin tafkunan da suka fi ko'ina walayi.

Mu ba baƙin wannan hikima ba ne. Me ya sa kifin Matan Fada ke kai girman da yake kai? Don Kabawa na hana shiga wurin har sai ranar biki, kuma maganar Sarkin Ruwa ba a tsallake ta. Tun 1934 ake bikin, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon duniya a 2016. Mu kuma Allah ya ba mu madatsar Goronyo, wadda aka gama a 1984, mai ɗaukar ruwa kyubik mita miliyan 942, ga Lugu a ƙofar Wurno, ga tafkunan da Rima ke bari a fadama bayan damina. Amma kafin in taho, da idona na ga gidan sauron da aka raba don mata masu ciki ya koma taru, ana tace 'ya'yan karfasa da tarwaɗa da ba su kai yatsa ba. Na ga kuma masu zuba maganin ƙwari a ruwa. Giwan ruwa kifi take ci, in an kwashe ƙanana me za ta ci ta girma? In kuma an kama ta tun tana tafin hannu, wa zai ga mai kilo 70? Kakanmu ya ciyar da gida da homa ɗaya, ina son jikokinka su san tsage da yauni da ragon ruwa a kwano, ba a bakin tsofaffi kawai ba.

Saboda haka kuɗin sharar bana zan aiko maka da su tun kafin watan Cika-ciki, har da ƙari, amma da sharaɗi. Ka sayi taru mai faɗin ido, ka mayar da gidan sauro kan gadon amarya inda aka yi shi dominsa. Sannan ka ɗauki wasiƙar nan ka kai wa Sarkin Ruwanmu, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce ɗansa na Amurka na roƙon a duba yiwuwar hutar da ko da tafki ɗaya ne a lokacin da kifi ke ƙwai. Umarnin ubangida ne, kuma Goggo ce shaidata.

Labarin ɓarayin daji a yankin Rabah da Goronyo yana iso mu, yana kuma hana ni barci. Don Allah kada ka yi dare a bakin ruwa, kada ka tafi kai kaɗai. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Ka gaida Baba da Inna, ka ce musu ina lafiya, muna da masallaci kusa da gida, 'yan'uwa Somaliyawa sun cika unguwar. Ka gaida Liman da abokan hira na bakin kasuwar Achida. In an samu mai tahowa, a ƙullo mini busasshiyar tarwaɗa da daddawa da tafarnuwar Wurno. Ka sa Goggo ta ƙulle ƙunshin da hannunta, don na san in ya biyo ta naka, kawunan kifin kaɗai za su iso Amurka.

Wassalam.

Ubangidanka,
ɗan kawunka